Gezar Mabiyiya a Ruwan Gishiri

Yaran da ke zuwa koyon aiki a ɗakin awo yanzu sun ɗauka yankan tsoka wasa ne. Inji ke jiƙa musu, inji ke rina musu, wuƙar ma ta yarwa ce, in ta dakushe a jefar a ɗaura wata. Kwanan baya wani ya dubi tsabar idona ya ce, "Baba, ai wannan ko tela zai iya." To, ga yadda aikin yake a zamaninmu. Wanda zai karanta ya bi shi a jere, kada ya tsallake.

Na shiga aikin a farkon shekarun tamanin, a wani asibiti da ke arewacin kogin Kaduna. Iyakar karatuna aji uku na sakandare. An ɗauke ni mai wankin kwalabe a ƙarƙashin Baba Tanko, wanda ke riƙe da ɓangaren tsoka. Nan ake kawo duk abin da likita ya yanko ko ya kwaso daga jikin mutum, a mayar da shi siriri a kan gilashi, a sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, a gane ko mene ne. Sai da na shekara ina wanki kafin Baba Tanko ya bar ni na taɓa wuƙa. Shi ma ba don in yanka ba, don in wasa ta a dutse, in goge ta a fata.

Aikin hawa bakwai ne. Na farko, ka karɓi abu ka ba shi lamba, ka rubuta lambar a kwalba da littafi. Na biyu, ka jiƙa shi a fomalin ya kwana, don kada ya ruɓe. Na uku, ka tsane ruwan jikinsa da sifirit, kwalba bayan kwalba, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Na huɗu, ka zuba shi a narkakken kaki, ka bari ya daskare kamar ƙaramin sabulu. Na biyar, ka ɗaura a inji ka yanka, yankan da ya fi ɓawon albasa siranta, wanda in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi sama. Na shida, ka ɗora shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ka kamo shi da gilashin da ka shafa wa farin ƙwai. Na bakwai, rini, shuɗi sannan ja. Dubawa a madubi da sa hannu a takarda ba sa cikin bakwai ɗin nan. Wannan na masu satifiket ne.

Mai satifiket ɗinmu shi ne Habibu. Ya zo bayan na yi shekara uku. Unguwarmu ɗaya, Unguwar Kanawa, kuma na san shi tun yana yawo ba wando. Mahaifinsa babban ma'aikaci ne, don haka ya yi karatun da ni ban samu ba. Yankansa na farko ya fito a yayyage kamar tsumman goge-goge. Ni na kama hannunsa na nuna masa yadda ake juya inji ba garaje, ni na koya masa sanyaya kaki da ƙanƙara. Kafin shekara biyu an ba shi kujerar bakin taga, da madubi, da biro. Babban likitan tsoka ba kullum yake zuwa ba, don haka Habibu ke fara dubawa ya rubuta. Ni in yanka, shi ya sa hannu. Har ya bar aiki bai iya wasa wuƙa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa so ba. Duk wanda ya kawo kwalba, sai Habibu ya tsaya hira da shi a taga: ina gida, ina yara, wace mota ka hau. Na sha gaya masa ɗakin awo ba majalisa ba ce. Sai ya yi dariya ya ce, "Sarkin wuƙa, kai ka ji da kaki, ni in ji da mutane."

Gilashin farko na sabon ciki da na taɓa dubawa, Baba Tanko ne ya ɗaga ni daga wanki ya zaunar da ni gaban madubi, ranar da Habibu ya tafi ɗaurin aure. Wata mata ce ta yi ɓari a wata na biyu, ni kuma na yanka.

"Me ka gani?" in ji shi.

Na ce, "Ja da shuɗi, Baba."

"Haka jaki zai ce. Duba hagu. Waɗannan ƙwayoyin manya masu haske, da suka jeru kamar daɓen tsakar gida, na uwa ne. Shimfiɗa ce mahaifa ke yi in ciki ya shiga. Yanzu duba dama. Ka ga wasu kamar yatsu, kowanne da baki mai duhu? Wannan geza ce, farkon mabiyiya. Ba jikin uwa ba ne, na ɗan ne."

Ya matsar da gilashin kaɗan, ya nuna mini inda biyun suka haɗu. Ƙwayoyin mabiyiya sun bar geza sun kutsa cikin shimfiɗar uwa ɗaya-ɗaya, wasu har sun shiga bangon hanyoyin jininta. Ya ce suna shiga ne su buɗe hanyoyin su faɗaɗa, don jini ya riƙa isa wurin ɗan a wadace. Ƙwayoyin uwa kuma sun kewaye su ta ko'ina. Ba su kore su ba, ba su kuma sake musu ba. In shigar ta yi kaɗan, ɗan ba ya samun abinci sosai. In ta wuce gona da iri, ranar haihuwa mabiyiya ta ƙi fita. Na daɗe ina kallo. Abin da hannuna ya yanka ke nan, kuma sai da mai kujerar ya tafi biki na samu ganinsa.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne: mahaifa tana yin shimfiɗarta ko da cikin bai zauna a cikinta ba. Wani lokaci ciki yakan maƙale a siririn bututun da ƙwai ke bi, ya ci gaba da girma a can. Matar za ta ga jini, har tsoka ta fito, kowa ya ce ɓari ne, a yi mata sannu. Alhali shimfiɗa ce kawai ta zubo, cikin yana nan a bututu, kuma ranar da ya fashe jini zai cika mata ciki. A lokacin ba mu da na'urar hoton ciki. Don haka tambayar likita a kullum ɗaya ce: akwai geza ko babu? In akwai, ɓari ne, a sallame ta. In babu, a yi shirin tiyata.

Baba Tanko yana da hanyar gaggawa da ba ta buƙatar kaki. Ka samu farantin gilashi, ka zuba ruwan gishiri, ka wanke gudajin jini, ka saki tsokar a ciki, ka ɗaga farantin wajen haske. Shimfiɗar uwa takan kwanta a ƙasa, sulɓi, kamar yankin tumbi. Geza kuwa sai ta buɗe a ruwa, fara, mai laushi, tana kaɗawa kamar gashin masara ɗanye. Ni ya koya wa wannan. Habibu ya ce ya karanta a littafi.

Sai shekarar wahala ta zo, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A shekarar Baba Tanko ya yi ritaya, aka ba Habibu riƙon ɓangaren. Kaki ya yanke. Ni na shiga Babbar Kasuwa na sayo kyandir, na narka, na haɗa da kakin zuma don kada ya farfashe a bakin wuƙa, sai da na gwada haɗi biyar kafin na dace. In an ɗauke wuta, ni ke zuwa wurin masu sayar da ƙanƙara. Tsofaffin gilasai ni na dafa su na kankare, muka sake amfani da su. Da takardar yabo ta fito daga ofis, cewa aka yi ɓangaren tsoka bai rufe ba saboda ƙoƙarin shugabansa. An manna ta a allo, daidai inda nake rataye rigata.

Aikin da nake so ku sani ya zo a cikin wannan shekara, wata ranar Laraba da hantsi. An kwantar da wata malamar firamare mai suna Hajara, daga Kawo, matar wani akawu. Cikinta wata biyu, ta ga jini da asuba a gida, wani abu ya fita, kuma tana kukan ciwo a gefen dama na mara. Uwar mijinta ce ta kawo abin da ya fita, a cikin langa mai murfi. Tsohuwa ce gajera, bakinta ja da goro. Ta ajiye langar a taga tare da takardar likita, ta ce, "Ku yi abin da za ku yi, ku ba ni kwanona."

Habibu yana ofis wurin taro. Fomalin ya ƙare tun makon jiya. Na karɓa, na ba shi lamba, na rubuta. Na haɗa ruwan gishiri, na wanke, na saki, na ɗaga wajen taga. Shimfiɗa ce da gudaji. Na canza ruwa na sake. Na bi kowane yanki da ɗan hantsaki. Na canza ruwa karo na uku. Ko silin geza babu.

Ƙa'ida ita ce in jira Habibu, ya duba, ya rubuta. Ofis ɗin taron bai fi taku hamsin ba, kuma da na leƙa zai fito. Ban leƙa ba. Na wuce ta gaban ƙofar na tafi kai tsaye wurin likita. Matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, kuma ban taɓa jin ya kira sunana ba.

Na ce, "Likita, babu geza."

Ya ɗago. "Ina Habibu?"

"Yana taro. Ni na duba."

"Ka tabbata?"

"Sau uku, da ruwa uku. Baba Tanko ne ya koya mini."

Ya dubi takardar matar, ya sake taɓa gefen da take jin ciwo, ta yi ƙara. Ya ce wa nas a shirya ɗakin tiyata, a gaya wa mijin ya nemo masu ba da jini. Sannan ya juyo ya ce, "Yaya sunanka ma?" Na ce Iliyasu. Ya ce, "Madalla, Malam Iliyasu. Ka yi aiki."

Ku da ba ku ga wannan shekara ba, ku sani tiyata a lokacin ba ƙaramin abu ba ce. Zaren ɗinki sai an sayo a waje, maganin barci a ƙididdige yake, injin dafa kayan aiki yana tafiya ne da ikon wutar lantarki. Mutane da yawa an yi musu aiki lafiya, ciwon ya ruɓe daga baya. Ba a buɗe cikin mutum sai dole.

Da na dawo, na tarar da Habibu a kan bencin baranda kusa da tsohuwar, ta ɓantaro masa goro yana ci. Nas ta riga ta gaya masa komai. Ya ci gaba da hirarsa da ita. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin su.

"Iya, wannan langa taki ai ta girme ni."

"Ta girmi ubanka ma. Ta uwata ce, kuma da ita zan koma."

"Za ki koma da ita. Amma ke da kika karɓi haihuwa ta fi a ƙirga, ki gaya mini, da abin ya fita, ke kika kwashe?"

"Da wa zai kwashe? Kai?"

"Kika wanke?"

"A bar shi da ƙazanta?"

"To Iya, tsakaninki da Allah, abin da ke cikin langar nan duka ke nan?"

Ta gyara mayafi, ta dubi wajen masu sayar da lemo a bakin ƙofar asibiti.

"Abin da na kawo shi ne na asibiti," in ji ta.

"Na gida fa?"

"Na gida na gida ne. Ɗan nan, kai ba Musulmi ba ne? Jikana ne, ko da bai kai ba. Na leƙa ɗakinku, na ga yadda kuke yi, ku zuba mutum a kwalba ku jera a kanta kamar kayan miya. Na ware farin, mai kamar auduga, na naɗe a sabon ƙyalle. Na bar wa Malam, in ya sauko daga azahar ya tona bayan ɗaki ya rufe."

Malam ɗin nan shi ne mijin tsohuwar. A gidajenmu haka ake yi, duk abin da ya biyo haihuwa ko ɓari a wanke shi a binne, ba a barinsa a hannun baƙi. A gidanmu ma haka ake yi. Ni da kaina na tona ramin mabiyiyar 'ya'yana biyu. Amma da langar ta zo taga, lamba na ba ta.

Habibu ya dubi agogo. Ya durƙusa gaban tsohuwar, da farar rigarsa, a kan simintin baranda.

"Iya, yanzu haka ana shirin yanka cikin Hajara, saboda an nemi farin nan ba a gani ba. In na gan shi da idona, wataƙila ba za a taɓa ta ba. Na yi miki alkawari, ba wuƙa, ba kwalba. Ruwa kawai za mu sa shi, mu mayar miki a ƙyallenki."

"Yanka? Wa ya ce a yanka ta?"

"Mu ne, Iya. Ba mu tambaye ki ba."

Ya miƙe ya ce da ni, "Malam Ilu, haɗa sabon ruwa." Ya shiga wurin likita, ni ina biye da shi a baya, don ina so in ji abin da zai faɗa a kaina. Cewa ya yi, "Likita, mun samu labarin akwai saura a gida. A ba mu awa ɗaya." Likita ya auna jinin matar da bugun zuciyarta, ya ce zai jira muddin ba su sauya ba, in sun sauya ba zai jira kowa ba.

Tsohuwar ta ce ita ba ta hawa babur, kuma ba mai shiga ɗakinta sai ita. Habibu ya tare tasi suka nufi Kawo. Ni na koma na haɗa ruwa. Na wanke farantin, na goge, na sake wankewa. Ta taga ina hango mijin Hajara da ƙannensa biyu a layin ba da jini, sun naɗe hannun riga. An riga an ɗora Hajara a gadon turawa, an sa mata ruwa, an ajiye ta a bakin ɗakin tiyata. Aka kira azahar a masallacin asibiti. Ban fita ba. Na tsaya ina lissafin raka'a huɗu, da taku nawa ne daga masallaci zuwa bayan ɗakin mutumin da ban taɓa gani ba.

Sun dawo biyu saura. Habibu ya ce sun tarar da Malam ya riga ya tona ramin, yana wanke hannu. Tsohuwar ba ta yarda ta tsaya a taga ba, ta shigo har ciki, ta kwance ƙyallen da hannunta. Abin bai fi ƙwan zabo ba. Habibu ya tura mini farantin.

"Idonka ya fi nawa a nan. Duba."

Na ɗauka da hantsaki na saki a ruwa, na ɗaga wajen haske. Ta buɗe a hankali ta ko'ina, fara tas, tana kaɗawa. Ban taɓa ganin geza mai kyan wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Likita ya zo da kansa ya gani. Ya ce a mayar da Hajara ɗakin kwanciya, a sa mata ido kwana biyu. Ciwon gefen daga baya ya lafa da kansa, aka sallame ta ranar Asabar ba a taɓa ta da wuƙa ba. A ranar, kafin likita ya fita, ya tambayi yadda aka yi aka rasa da farko. Habibu ya ce, "Rabi aka kawo mana, Likita. Abin da Malam Ilu ya faɗa a kan rabin daidai ne, kuma shi ya gano gezar yanzu." Likita ya gyaɗa kai ya tafi.

Na tsane abin, na mayar a ƙyalle, tsohuwar ta naɗe ta soke a cikin zaninta. Ta kama hannun Habibu da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta sa wa uwarsa, ta sa wa 'ya'yan da bai haifa ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma mai shirun nan, wanke mini langata." Na wanke, na goge, na miƙa mata.

Daga ranar, duk abin ɓari da aka kawo daga gida, ba na buɗe littafi sai na tambayi wa ya kwashe, wa ya wanke, da ko an bar wani abu. Ku ma ku tambaya, kuma ku tambayi tsohuwar, ba mijin ba.

An tabbatar wa Habibu da shugabanci a ƙarshen shekarar. Na yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Na san wata rana zai tambaye ni dalilin da ya sa na wuce ƙofar ofis ban leƙa ba, don haka na shirya abin da zan ce masa. Na ɗaya, yana taro. Na biyu, rai ne a gaba, ba a jira. Na uku, hannun da ya yanka yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya gani. Ranar da muka yi saɓani a kan hutu, na jira ya tayar da zancen, bai tayar ba. Na jira ranar da aka yi masa walimar ritaya, da ya tashi yin jawabi. Ya ce ni ne na koya masa riƙe inji, aka tafa. Bayan an watse ya rage mini hanya a motarsa har Unguwar Kanawa, mu biyu kaɗai, kuma tun daga asibiti har ƙofar gidana zancen tsadar taki yake yi.